Ɓerayen Kawu Ba Sa Mutuwa

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan, kuma daga bakin Baba na ji shi. Yana zaune a tsakar gida yana goge takalminsa aka buga ƙofa bugu uku a jere, irin na mutumin da yake ganin jira bai kamace shi ba. Baba bai ko ɗaga kai ba ya ce wa Umma, "Tashi ki buɗe, ga Likitan Ɓeraye nan ya fito zagayen marasa lafiya."

Umma ta galla masa harara. "Yayana ne dai. Kuma ko ba komai a cibiyar bincike yake aiki, ba a tashar mota ba."

Baba direba ne, ya san da shi take. Ya ce, "Ai ban ce a tasha yake ba. Ɓeraye ba sa hawa mota."

Sai ga Kawu ya shigo. Gajere ne mai tumbi, da farar riga irin ta asibiti a ninke a hannunsa, an goge ta har tana ƙyalli. A aljihun gaba akwai biro uku, daga baya na gano biyu ba sa rubutu. Kafin ya amsa gaisuwata ya kama haɓata, ya ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ya leƙa, ya girgiza kai. "Jini bai isa ba," in ji shi. Haka yake gaya wa kowa. A danginmu ba a taɓa samun wanda jininsa ya isa ba.

A gabansa Likita ake ce masa. A takardar ɗaukarsa aiki, wadda take hannuna yanzu, an rubuta mai kula da ɗakin dabbobi. Aikinsa shi ne ya share keji, ya canza garin katako, ya zuba abinci, ya cika kwalaben ruwa. Wannan ba aikin kunya ba ne, kuma da ya tsaya a nan da na rubuta shi da alfahari. Abin da ya sa alƙalamina ya ƙi yin laushi shi ne wata mata a cibiyar nan, wadda ta ba da shekara shida na rayuwarta don ta san ko wani magani yana rage ciwon suga, ciwon da yake cin idon Umma. Kawu ne ya hana ta sani.

Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar na kakanmu kafinta. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya ce malaman ba su da abin da za su ƙara masa. Kakanmu ya sa shi a shago, ya kasa yanka katako a miƙe, sai aka bar masa tura baro. Cibiyar binciken tana sayen garin katako don shimfiɗa wa ɓeraye, shi yake kai musu buhu-buhu ta ƙofar baya. Da tsohon mai kula da ɗakin ya bar aiki, aka duba wanda ya riga ya saba da warin, aka ga Kawu. Ranar da aka ba shi farar riga bai cire ta ba har ya zagaye unguwa sau biyu. Umma ta ce a ranar ya daina cewa "ina ganin", ya koma "bincike ya nuna".

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan. A duk tsawonsu ba a yi zaman dangi ba tare da ya ce, "Ni ɓera ba ya mutuwa a hannuna. Ku je ku tambaya." Ba wanda ya je ya tambaya. In yaro ya yi tari, sai a kai shi wurin Likita. In mace ta yi ciwon kai, sai Likita ya ɗora hannu a goshinta ya kalli agogo, kamar goshi yana bugawa. Da aka gaya wa Umma a asibiti cewa tana da ciwon suga, ya karɓi takardar, ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, ya ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Wannan ciwon muna kan aikinsa. Maganinki a hannuna yake, kullum da safe ni nake zuba shi." Umma ta yi ta sa masa albarka. A wannan karon kaɗai, ashe, gaskiya ya faɗa.

Ina da shekara goma sha uku ya manta tabaraunsa a gidanmu, Umma ta aike ni in kai masa wurin aiki. A ƙofa na ce wa mai gadi wurin Likita na zo. Ya ce wanne daga ciki, suna da yawa. Na kwatanta shi.

"Au, Mai Ɓeraye! To ki ce haka mana. Bi ta baya, ki wuce janareto, ki wuce kwandunan shara. Hancinki zai kai ki."

Na bi ta gefen ginin ina leƙen tagogi. Mutane sanye da safar hannu suna ɗiga ruwa a 'yan ƙananan kwalabe, ɗigo-ɗigo, ba mai kallon wani. Akwai wani inji mai kama da tukunya yana gurnani, da firji mai tsawon ƙofa da aka manna wa takarda cewa kada a kashe. Can ƙarshe na sami ƙofar ƙarfe. Doka ta hana shigar da baƙo, amma Kawu ya ga mai kallo, ina zai bari ta wuce? Ya ɗaura mini leda a takalma ya ja ni ciki.

Ɗakin ba taga, sanyi kamar cikin randa, ga warin fitsari da garin katako. Kantoci na ƙarfe sun jeru har sama, a kansu kejin roba arba'in, kowanne da murfin waya da kwalbar ruwa a kife, mai bakin ƙarfe da ɓeran yake lasa. Ɓerayen baƙaƙe ne, sun yi ƙiba har sun zama kamar ƙwallo. Kawu ya ce duk ciwon suga ne da su, haka aka haife su. A jikin kowane keji akwai kati, ashirin ja, ashirin fari.

"Jajaye masu gata ne," in ji shi. "Su ake sa wa magani a ruwa. Farare kuwa ruwan banza. Kin ji zalunci?"

Yana magana yana aiki. Ya zare kwalba daga keji mai jan kati, da sauran ruwan jiya kusan rabi a ciki. Maimakon ya juye a kwata, sai ya buɗe kwalbar keji mai farin kati ya tuttula a ciki. Ya ɗauko ta biyu ya yi haka, ya ɗauko ta uku.

Na ce, "Kawu, ba a hana ba?"

"Yarinyar nan ta ce in riƙa zubarwa kullum in cika sabo. Magani mai tsada, a kwata! Ilimin takarda ke nan, 'yata. Ni da nake shaƙar warinsu ni na san abin da suke so."

Bai daɗe da gamawa ba aka turo ƙofa. Wata siririyar mata ce ta shigo da faranti a hannu, ta tura ɗankwalinta cikin hular leda. Ita ce yarinyar nan, ita ce Dakta mai binciken, kuma ta girmi Umma. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Malam, ina kwana, ya aiki? Ka san yara ba sa shigowa nan." Sannan ta ce, "An zubar da na jiya?"

Kawu ya rusuna har biro ɗaya ya kusa faɗowa. "Tun da sassafe, ranki ya daɗe."

Ta ɗauko ɓera daga farin keji, ta tsaga ƙarshen wutsiyarsa kaɗan, ta ɗiga jinin a wani ɗan tsinke da ke jikin na'ura irin wadda Umma take awo da ita. Ta rubuta lamba. Ta ɗauko na jan keji ta yi haka. Ta daɗe tana kallon lambobin biyu, ta sauke numfashi, ta ci gaba. Ni kuwa na ajiye tabarau na fita. Na san Kawu ya yi ƙarya, amma na ɗauka irin ƙaramar ƙaryar da manya suke yi ce, kamar a ce ba ya nan alhali yana ɗaki.

A aji biyar na sakandare malamin kimiyya ya sa muka shuka wake a gwangwani biyu-biyu, ɗaya da taki, ɗaya babu. Wata ƙawata, don nata ya fi na kowa, ta zuba taki a duka biyun. Suka fito kore shar. Malam ya ba ta sifili. Ta ce ai nata ya fi kyau. Ya ce, "Kin yi noma, ba ki yi gwaji ba. Gwangwanin da ba taki shi ne ma'auninki. In duka biyun sun yi kyau, da me za ki san taki ne ya yi aiki ba ƙasar ba?" Na rubuta maganar a littafina, na ci jarrabawa da ita, kuma wallahi ko sau ɗaya ɓerayen Kawu ba su faɗo mini a rai ba.

Sai ranar da ya yi ritaya. Ina da shekara goma sha tara, na gama makaranta. Cibiyar ta shirya masa ɗan taro da rana a ɗakin shawara, aka ce ya zo da mutum biyar, ya zo da goma sha huɗu. Na riƙo hannun Umma saboda a lokacin ta fara kasa ganin matakala. Farfesa shugaban cibiyar ya yi jawabi yana duba takarda don kada ya manta wa ake yi wa bankwana, ya miƙa masa agogon bango da takardar yabo. Sannan aka ce Dakta ta faɗi wani abu.

Furfura ta fito mata. An rufe aikinta tun shekaru huɗu baya, aka mayar da ita duba samfurin jinin da wasu suke bincike a kai. Ta ce, "Ni zan shaidi Malam. Na tace wani sinadari daga ɓawon bishiya, na gwada shi a kan ɓeraye sau uku cikin shekara shida. A makonni ukun farko na ga bambanci, masu shan magani suga ya sauka, marasa sha bai sauka ba. Har na kira mahaifiyata na gaya mata. Daga nan bambancin ya ɓace, bai sake dawowa ba. Masu sha da marasa sha duk suka zama ɗaya, duk lafiya lau. Aka ce maganina ba ya komai. Amma a duk shekarun nan, aikina ne ya faɗi, nasa bai faɗi ba. Ban taɓa ganin ɓeraye masu ciwo da suka samu kulawa kamar nasa ba."

Aka yi tafi. Kawu ya ɗaga agogo sama kamar wanda ya ci kofi. Ni kuwa sai gwangwanin wake da kwalbar nan suka haɗu a kaina lokaci guda. Umma ta matse hannuna ta ce, "Kin ji ko? Ki riƙe wannan, ki rubuta."

A gidanmu Magatakarda ake ce mini. Tun da kakarmu ta rasu aka damƙa mini akwatin ƙarfenta, mai takardun haihuwa da hotuna da wasiƙu, da babban littafin da nake rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu, da abin da kowa ya yi a duniya. Kwana biyu bayan taron Kawu ya zo da jaka. "Magatakarda, ga tarihi na kawo miki. Ki ware mini shafi huɗu, kakanku shafi biyu ya samu amma shi katako kawai ya sani." A cikin jakar akwai takardar yabo, da hotonsa a bayan Farfesa, rabin fuskarsa ta fito, da wani littafi mai baƙin bango. A bangon ya rubuta da manyan baƙaƙe: Marasa Lafiyata.

Ban san ko ya manta abin da ke ciki ba ne, ko ya ɗauka ba mai karantawa. Da ya tafi na zauna a bakin gado na buɗe. Rubutunsa tsaf, da kwanan wata, ba tsallake. A shekarar farko, mako na uku, ga abin da ya rubuta:

"Fararen keji suna jiƙewa sharkaf da fitsari, kullum sai na canza gari. Jajaye a bushe, sau biyu a mako ya isa. Bayana yana ciwo. Na ba keji mai lamba ashirin da bakwai ragowar ja."

Bayan kwana biyar: "Ashirin da bakwai ya bushe. Na ba duka farare."

To ga tausayin da yake cika baki da shi. Ɓera mai ciwon suga yana shan ruwa da yawa, yana fitsari da yawa, mai share keji yana shan wahala. Kawu ya ga hanyar hutar da bayansa, ya sa mata sunan jinƙai. Duk da haka, har nan ina nema masa uzuri. Na ce mutum ne da bai sani ba, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Na ci gaba da buɗe shafi. Sai a ƙarshen gwaji na biyu na sami wannan:

"Yau Dakta ta yi kuka a ɗakina. Ta yi mini bayanin amfanin farin kati, ta ce su ne ma'auni. Ashe haka ne."

Na juya shafi da sauri. Gwaji na uku, rana ta farko: "Na ba farare ragowar ja."

A gwaji na ukun nan ne na kai masa tabarau.

Washegarin da na karanta littafin, da hantsi na same shi a barandar gidansa, ya miƙe ƙafa yana jin rediyo, agogon nan yana rataye a bayansa. Na gaishe shi, na durƙusa, na buɗe shafin na ajiye a gabansa.

"Kawu, na farko ba ka sani ba. Na biyu ma a ce ba ka sani ba. Na ukun fa?"

Ya rage rediyo. Ya kalli shafin, ya kalle ni. "Ke, wa ya ce ki karanta? Ajiya na ba ki."

"Na ukun nake tambaya, Kawu."

"To in na daina fa? Farare su koma jiƙewa, su fara mutuwa, ta ce Malam me ya canza? In ce mata me? Shekara huɗu tana gaishe ni da girmamawa. Kina so in tsaya gaban yarinya in ce ni ne?"

"Da ta ga maganinta yana aiki."

"Ai yana aiki! Ni na gani da idona. Ita ce ba ta gani ba, da duk digirinta."

"Kai ka rufe mata ido."

"Kul! Ni kike gaya wa haka? Ni na duba ki kina jaririya, na ce jininki bai isa ba, aka ba ki kulawa, ga shi kin girma kina yi mini tsiwa. Kawo littafina."

Na riga na mayar da shi cikin mayafina. Na ce, "Ka ce tarihi ne, ka ba Magatakarda. Ya shiga akwati."

A gida na karanta wa Umma shafukan uku, don ita ba ta iya ganin rubutu kuma. Tana zaune da allura da zare a cinya tana jiran in zura mata. Ta ce, "Yanzu tona wa yayana asiri za ki yi? Mutum ya gama aikinsa lafiya, an ba shi agogo. Ɓeraye ne fa."

"Umma, ba don ɓeraye aka yi aikin ba. Don irinki aka yi."

"Ni na yafe."

"Ba ke kaɗai ke da ciwon ba."

Ta juya mini baya. Baba yana bakin ƙofa yana ji. Na zata zai yi dariya, shi da ya shekara ashirin yana tsokanar surukinsa. Bai yi ba. Ya ce, "Ni duk wasa nake masa. Na ɗauka ɓerayen ma ba ya iya yi musu komai." Ya ɗauki makullin mota. "Taso in kai ki cibiyar, Magatakarda. Hanyata ce." Ba hanyarsa ba ce.

Na sami Dakta a wani ɗan ɗaki kusa da matakala, tana jera ƙananan kwalaben jini a tire. Na ce ni 'yar ƙanwar Malam ce, na miƙa mata littafin, na sa takarda a shafukan. Ta fara karantawa a tsaye. A shafi na biyu ta jawo kujera da ƙafa ta zauna. Da ta kai wurin da ya rubuta cewa ta yi kuka, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Can ta ce, "Sau biyu na canza na'urar awo. Na zargi abincinsu. Na zargi inda aka sayo ɓerayen. Na zargi hannuna, na ce ko ban iya tacewa ba. Na tsaya gaban manya na ce musu na yi kuskure, abin da na gani a makonni ukun farko idona ne ya yaudare ni." Ta buga littafin a hankali a kan gwiwarta. "Kwalba ɗaya ta farin keji, da na ɗauka na auna ruwan ciki, aikin rabin yini. Ban yi ba. Kullum yana rusuna mini, ni kuma ina jin kunyar in bincike dattijo. Wannan laifina ne, ba zan ɗora masa ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yanzu wannan ya isa a ce maganin yana aiki?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Bai isa ba, 'yata. Ba mu san nawa kowanne ya sha ba. Keji a bushe ba hujja ba ce. Abin da ya isa shi ne a sake daga farko." Ta sake buɗe littafin. "Kin san abin haushin? Ban taɓa samun ɗalibin da yake rubuta aikinsa da tsafta haka ba. Ya san kin kawo?"

"Ya san yana akwati."

Ba abin da cibiyar ta yi wa Kawu. Ya riga ya tafi, kuma Farfesa ba ya son a ji cewa shekara shida ana abu a bayan ginin bai sani ba. Agogo ya ci gaba da zama a bango. Ni ce na sha hukunci. Matar Kawu ta daina amsa gaisuwata, 'ya'yansa suka ce in fito da takardun haihuwarsu daga akwati, na fito musu da su. Umma ta yi wata biyu tana ba maƙwabciya allura ta zura mata zare. Shi kuwa gogan, da ya ga labari ya fita kuma ba a zo kama shi ba, sai ya fara gaya wa mutane cewa shi ya aike ni. Na ji da kunnena yana ce wa mai shagon unguwarsu, "Na ga sun rasa hanya, na ce a kai musu bayanaina."

Dakta ta yi shekara ɗaya da rabi tana hawa da sauka kafin a ba ta izinin sake gwaji, da keji ashirin kawai. Yanzu ba jan kati ba fari. Lamba ce a jikin kowace kwalba, ita take cikawa ta rufe baki da hatimi, mai kula da ɗakin bai san wacce ce da magani ba. Ta ce mini nan da wata huɗu za a buɗe lambobin a gani. Ban san abin da za a gani ba, ita ma ba ta sani ba. Ba zan rubuta cewa da Kawu bai yi abin da ya yi ba da Umma tana gani yau ba. Daga ɓera zuwa mutum tafiya ce mai nisa, Dakta ta gaya mini magunguna da yawa a hanya suke tsayawa. Abin da zan rubuta shi ne, amsar da ya kamata a samu tun ina aji ɗaya na sakandare, har yau ana jiran ta. Umma kuwa yanzu haske da inuwa kawai take bambancewa.

Kawu ya rasu wata bakwai da suka wuce, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Na ba shi shafi huɗun da ya nema, ga su nan, har sun ɗara. Mako biyu kafin rasuwarsa Umma ta ce in raka ta duba shi. Da la'asar muka je. Yana kwance, ya rame, an rataye farar rigar a ƙusa inda zai riƙa ganin ta. Tun ranar barandar nan bai sake yi mini magana ba. Da Umma ta fita gaisawa da matarsa, ya yafito ni da hannun da yake motsi. Na matsa, na durƙusa. Na ce a raina yau zai ce in roƙa masa gafarar Dakta, har na fara shirya yadda zan kai saƙon.

Ya kama haɓata, ya ja fatar idona ƙasa, ya leƙa. Bai ce komai game da jinina ba. Bakinsa a karkace, maganar tana fita da ƙyar, ya ce, "Magatakarda, yarinyar nan ta sake gwajin?"

"Ta fara, Kawu."

"To ga abin da nake so. In sakamako ya fito maganin ya yi aiki, ki rubuta a littafin nan naki cewa ni na fara ganowa, tun mako na uku, kafin duk masu digiri." Ya huta, ya haɗiyi yawu, ya ƙara riƙe mayafina. "In kuma bai yi ba, ki ce ni mai share keji ne kawai."